Takardar shaidar jati a Indiya: yadda ake nemanta da inda ake yawan tuntuɓe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Delhi, shekarata ta biyu ke nan. Ina da aboki ɗan ƙasar, Musulmi, iyayensa masaƙa ne 'yan asalin jihar Bihar amma shi a Delhi aka haife shi. Wata uku ke nan yana zirga-zirga a kan wata takarda, yana cewa in bai same ta ba ba zai shiga kason da gwamnati ta ware wa irinsu a jarrabawar ɗaukar aiki ba. Mutumin nan ya yi mini halacci tun zuwana, ina so in fahimci abin ko zan iya taimaka masa. Shin irin takardarmu ce ta shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma? Yaya ake nemanta? Kuma mu baƙi muna iya samu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, don da yawa daga cikin ɗalibanmu sukan shekara uku ko huɗu a Indiya suna cin abinci kwano ɗaya da 'yan ƙasar, su dawo gida ba su san abin da ke hana abokansu barci ba. Na yi shekaru a can ina karatun dokokin mulki, na kuma raka mutane fiye da ɗaya ofishin tahsildar, wato jami'in haraji na yanki, a kan wannan takarda, saboda haka zan faɗa maka abin da doka ta ce da abin da idona ya gani.

Bari in fara sauke maka tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai sauƙi. Kai ba za ka samu ba, kuma duk wanda ya ce zai samo maka, ka guje shi. Takardar ta 'yan ƙasar Indiya ce waɗanda sunan al'ummarsu ke cikin jerin da gwamnati ta wallafa. Ɗaliban waje suna da tasu ƙofar daban, wato gurabun da jami'o'i ke ƙarawa a kan na 'yan ƙasa, da tallafin karatu irin na ICCR, hukumar hulɗar al'adu ta gwamnatin Indiya. Wataƙila wata rana ka ga baƙar fata da ke riƙe da ita ka yi mamaki. Waɗannan mutanen Siddi ne na jihohin Gujarat da Karnataka, jikokin 'yan Afirka da suka isa can ɗaruruwan shekaru da suka wuce, wasu bayi, wasu sojoji, wasu ma'aikatan jiragen ruwa. Na gundumar Uttara Kannada a 2003 aka shigar da su jerin ƙabilun da ake ware wa kaso. Su 'yan ƙasa ne kaka da kakanni, da wannan suka samu.

Kwatancin da ka yi da takardarmu ta gida ya kama hanya. Yaron da aka haifa a Agege ta Legas, ubansa ɗan Katsina, in zai shiga aikin soja ko ya nemi gurbi a ma'aikatar tarayya, sai a ce ya koma garin ubansa: mai unguwa ya shaide shi, dagaci ko hakimi ya sa hannu, ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Haka abin yake a Indiya ta wannan fuska, tushen uba ake bi, inda aka yanke cibiya bai wadatar ba. Sai dai tamu tana faɗin daga ina kake ne kawai. Tasu tana faɗin daga ina kake, sannan a wace jati aka haife ka, kuma wannan na biyun shi ne zuciyar maganar.

Jati al'umma ce da ake haifar mutum a cikinta. Yawanci tana da sana'ar gado, a cikinta ake aure, kuma kuɗi ko ilimi ba sa fitar da mutum daga gare ta. Dubbai ne a faɗin ƙasar. Kada ka auna abin da batun maƙera da wanzamai da mahauta a wurinmu. Mu ma muna da namu na raina sana'a idan an zo neman aure, kuma ba abin alfahari ba ne, amma ban taɓa jin an hana ɗan mahauci jan ruwa a rijiyar gari ko tsayawa a sahun gaba a masallaci ba. A can an yi ƙarnuka ana hana wasu al'ummu rijiya da makaranta da wurin bauta, ana cewa taɓa su najasa ne. Dakta Ambedkar, wanda ya jagoranci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar, daga irin wannan al'umma ya fito, ta Mahar, kuma a 1927 sai da ya jagoranci dubban mutane zuwa wani tafki a garin Mahad don kawai su sha ruwa a fili. Kundin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950 ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17, ya kuma ba gwamnati damar ware gurabun aiki a sashe na 16. Da Kotun Ƙoli ta soke kason makarantu na jihar Madras a 1951, a shekarar nan aka yi wa kundin gyara na farko don a buɗe wannan ƙofa ita ma.

Yau a ayyuka da makarantun gwamnatin tarayya kaso huɗu ne. Al'ummun da aka ƙyamata, waɗanda a takarda ake kira SC kuma da yawansu ke kiran kansu Dalit, suna da kashi 15 cikin 100. Ƙabilun dazuzzuka da duwatsu, ST, suna da kashi 7.5. Sauran rukunan da aka bari baya, OBC, suna da kashi 27, kuma wannan kason da jini ya zo: hukumar Mandal, wadda ta ba da shawarar wannan kaso, ta miƙa rahotonta a 1980, aka ajiye shi shekara goma, da Firayim Minista V.P. Singh ya ce zai aiwatar a watan Agustan 1990 sai ƙasar ta ɗauki wuta, har wasu ɗalibai suka cinna wa kansu wuta, sai a 1992 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka tabbatar da shi a shari'ar Indra Sawhney. Na huɗu ya zo a 2019, kashi 10 ga talakawan da ba sa cikin waɗancan uku, ana kiransa EWS. Jihohi kuma kowace da nata lissafin. Tamil Nadu ta kai kashi 69.

Yanzu ga abokinka. Tun da Musulmi ne, ƙofar SC a rufe take gare shi ko da wace sana'a kakanninsa suka yi. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 da ya jera waɗannan al'ummu ya ce sai mai bin addinin Hindu. An ƙara mabiya Sikh a 1956, mabiya Buda a 1990, amma Musulmi da Kirista har yau suna waje. Hujjar gwamnati ita ce ƙyamar taɓawa daga al'adar Hindu ta samo tushe, Musulunci da Kiristanci ba su san ta ba. A littafi gaskiya ne, Musulunci bai san ta ba. A ƙasa kuwa na ga Musulmi masu shara da kwasar bayan gida, 'yan al'ummar Halalkhor, suna zaune a gefen gari ɗaya da takwarorinsu 'yan Hindu, aiki ɗaya, raini ɗaya, har wasu 'yan'uwansu Musulmi ba sa ba su aure, amma ɗaya yana da kason SC ɗaya ba shi da shi. Wannan bai kwanta mini ba, kuma kunyar ba ta gwamnati kaɗai ba ce, har da ta Musulmin da suka ɗauko wannan raini suka shigo da shi cikin addinin da ya hana shi. Hukumar Ranganath Misra ta ba da shawarar a cire sharaɗin addini a 2007, an shigar da ƙara a Kotun Ƙoli tun 2004, kuma a Oktoban 2022 aka sake kafa wata hukuma ƙarƙashin tsohon alƙalin alƙalai K.G. Balakrishnan don ta duba batun. Shi kuwa ST da OBC babu sharaɗin addini. Masaƙan Musulmi na Bihar, waɗanda ake kira Momin ko Julaha ko Ansari, suna cikin jerin OBC na tarayya. Saboda haka yana da haƙƙi, in har sauran sharuɗɗa sun cika.

To me ya sa wata uku? Ban ga takardunsa ba, amma daga abin da ka faɗa ina kyautata zaton ƙafarsa ta faɗa ɗaya daga ramuka biyu, kuma su ne suka fi cin mutane.

Na farko, jerin OBC iri biyu ne: na tarayya da na kowace jiha, kuma ba lallai su zo daidai ba. Al'umma tana iya kasancewa a jerin jiha ta rasa a na tarayya. Misali, 'yan al'ummar Jat na jihohi da dama an shigar da su jerin tarayya a 2014, Kotun Ƙoli ta fitar da su a 2015, alhali a wasu jihohin suna nan a jerin jiha. Ko da sunan yana jeri biyun, fasalin takardar ya bambanta. Ta tarayya dole ta ambaci lambar ƙudurin gwamnatin tarayya da ranar da aka shigar da al'ummar cikin jeri. Bihar kuwa tun 1978, zamanin babban ministanta Karpoori Thakur, ta raba nata gida biyu, waɗanda aka bari baya da waɗanda aka bari can baya, wato EBC, kuma masaƙan Musulmi suna cikin na biyun. Sai mutum ya karɓo takardar jiha mai cewa EBC, ya kai ta hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya, a ce ba a san wannan ba. Na ga wani abokin karatuna ya rasa gurbi a kan haka ranar tantance takardu, ya ci jarrabawa, sunansa ya fito, jami'in ya duba takardar ya ce ta jiha ce, ya miƙo masa abinsa. Har yau ina tuna yadda ya zauna a bakin matakala ya kasa kiran mahaifinsa. A shafin intanet na Bihar da ake kira RTPS, neman takarda don amfanin gwamnatin jiha daban yake da neman ta don amfanin gwamnatin tarayya, layi biyu ne kusa da juna. Ka tambaye shi wanne ya latsa. Sannan ku buɗe shafin NCBC, hukumar tarayya mai kula da al'amuran OBC, tare, ku duba jerin Bihar, ku rubuta lambar da sunan al'ummarsu yake kai da yadda aka rubuta shi harafi da harafi.

Na biyu, batun ƙaura. Ƙa'idar ita ce mutum yana cin kasonsa ne a jihar asalinsa da kuma gwamnatin tarayya, ba ya ɗauke shi ya kai wata jiha. Kotun Ƙoli ta yanke haka a 1990 a shari'ar Marri Chandra Shekhar Rao, wani ɗalibi ɗan ƙabilar ST daga Andhra Pradesh da ya girma a Bombai ya nemi gurbin likitanci a kason Maharashtra aka hana shi. Ma'anar wannan ga abokinka: in aikin tarayya yake nema, irin na jirgin ƙasa ko na hukumomin ɗaukar ma'aikatan tarayya, wato SSC ko UPSC, asalinsa na Bihar bai rage masa komai ba. In kuwa aikin gwamnatin Delhi ne, kamar koyarwa a makarantunta, to su suna ɗaukar ɗan OBC na wata jiha a matsayin wanda ba shi da kaso. Ofishin Delhi yana iya ba ɗan masu ƙaura takarda, amma bisa takardar da jihar asali ta ba mahaifinsa. In mahaifin bai taɓa karɓa ba, kuma yawancin masaƙan da suka bar ƙauye neman abinci ba su taɓa karɓa ba don ba su da abin yi da ita, to can Bihar za a fara. Da yawa sukan ɓata watanni suna kai-komo a Delhi alhali maganin yana ƙauyen kakansu.

Shi neman kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana cike fom a shafin jihar: RTPS a Bihar, e-District a Delhi da Uttar Pradesh, Aaple Sarkar a Maharashtra, e-Sevai a Tamil Nadu. Wanda bai iya kwamfuta ba sai ya je ɗaya daga cikin ƙananan shagunan da gwamnati ta amince wa, waɗanda ake kira CSC, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sunan takardar da Hindi jati praman patra, in ka ji yana faɗa. Ana haɗawa da hoto, da katin shaida na ƙasar da ake kira Aadhaar, da shaidar wurin zama, da takardar rantsuwa ko furucin mai nema, sai kuma hujjar jati. Daga nan fayil ɗin ya sauka hannun ma'aikacin ƙasa na yankin, wanda a wasu jihohi ake kira patwari, a Uttar Pradesh lekhpal, a Maharashtra talathi. Shi ne mai unguwar wannan harka. Yana duba littattafan gonaki, yana iya zuwa ƙauye ya tambayi maƙwabta, ya rubuta rahoto. Bisa rahotonsa jami'in haraji na yanki zai sa hannu. Gwamnatin tarayya tana karɓar sa hannun shugaban gunduma, ko na mataimakansa, ko jami'in da bai gaza muƙamin tahsildar ba. A jihohi da yawa yanzu takardar tana fitowa da sa hannun na'ura da lambar tantancewa, a sauke ta daga shafin ko daga manhajar DigiLocker.

Inda aikin yake shi ne hujjar jati. Abin da ake nema sarƙa ce ta takardu da za ta ɗaure shi da wani daga dangin uba wanda aka rubuta jatinsa a wata tsohuwar takardar hukuma. Mafi sauƙi ita ce takardar shaidar uba, ko ta baffa, ko ta wa ko ya da suke uba ɗaya. In babu, sai tsohon littafin gonaki da a Bihar ake kira khatiyan, wanda yake ɗauke da sunan mai gona da jatinsa, ko rajistar makarantar firamaren da uba ko kaka ya yi, ko takardar barin makaranta. Sai a zana salsalar iyali daga wancan suna har zuwa kansa, hukumar ƙauye ta shaida. Takardun kawu da na dangin uwa ba sa aiki a al'ada, kada ya ɓata lokaci a kansu. Duk takardar da ta fi tsufa ta fi ƙarfi, don a wancan zamani babu wanda ke da abin samu in ya yi ƙaryar shi ɗan ƙasa-ƙasa ne. Maharashtra ma ta sa ranaku: mai neman SC ya nuna danginsa suna jihar tun 10 ga Agusta 1950, mai neman ST tun 6 ga Satumba 1950, mai neman OBC tun 13 ga Oktoba 1967.

Nan ne abin yake ci mini rai. Wanda kakansa ke da gona, sunansa na littafi. Wanda kakansa ya yi makaranta, sunansa na rajista. Wanda aka fi zalunta, wanda kakansa bai mallaki taki ɗaya na ƙasa ba kuma aka kore shi daga ƙofar makaranta, shi ne ba shi da abin nunawa. Al'ummun da ke yawo da dabbobi ko da wasan kwaikwayon titi, waɗanda Turawa suka yi wa tambarin masu laifi daga haihuwa da dokar 1871 sai a 1952 aka soke ta, da yawansu har yau ba su da takardar nan saboda ba su da ƙauyen da za a je a tambaya. Don haka in abokinka ya rasa tsohuwar takarda, kada ya ɗauka an gama. Binciken ma'aikacin ƙasa a ƙauye hanya ce da ƙa'ida ta tanada don irin wannan. Ya je da kansa ko ya tura baffansa, dattawan da suka san kakansa su ba da shaida, a rubuta.

A kula da rubutun suna ƙwarai. Jami'i ba shi da ikon cewa wannan suna da wancan abu ɗaya ne, kotu ma ba ta da shi a jerin SC da ST, majalisar dokokin tarayya kaɗai ke taɓa jerin. A 2000 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Milind cewa Halba Koshti, waɗanda su ma masaƙa ne a Maharashtra, ba su ne Halba na jerin ST ba. Makiyayan Dhangar na wannan jiha sun shekara da shekaru suna cewa su ne Dhangad da ke cikin jeri, kuskuren harafi ɗaya ne kawai, Babbar Kotun Bombai ta ƙi amincewa a 2024. Ansari suna ne da mutane iri-iri ke ɗauka, sunan ƙarshe kaɗai ba hujja ba ne. In khatiyan ya ce Julaha ko Momin, madalla. Haka kuma sunan mahaifinsa ya zama iri ɗaya a Aadhaar da takardar sakandare da fom ɗin. Musulmin can suna fama da wannan: nan an rubuta Mohammad, can Md., can Mohd. In akwai saɓani a yi takardar rantsuwa tun kafin a miƙa fom.

Akwai sharaɗin da ya shafi OBC kaɗai, kuma shi ma yana rikita mutane. A hukuncin 1992 kotu ta ce a yaye afararin kowace al'umma, wato waɗanda suka riga suka taso sama kamar man da ke kan nono, kada su cinye kason talakawansu. Saboda haka bai isa ya nuna shi ɗan OBC ne ba, sai ya nuna ba ya cikin afarari, shi ne ake kira takardar NCL. Ana duban iyaye ne, abin da shi kansa yake samu ba ya shiga lissafi. 'Ya'yan manyan jami'an gwamnati na aji na ɗaya, da na hafsoshin soja daga kanal zuwa sama, da na masu manyan muƙaman da kundin tsarin mulki ya ambata, duk suna waje ko nawa ne kuɗinsu. Yawancin sauran mutane ana duban kuɗin shiga: an fara da rufi (kuɗin Indiya) 100,000 a shekara a 1993, aka riƙa ɗagawa har ya kai rufi 800,000 a 2017. Shekara uku a jere ake dubawa, kuma albashi da amfanin gona ba sa cikin wannan awo, amma ribar kasuwanci tana ciki. Ga ɗan masaƙi talaka wannan ba zai zama matsala ba, sai dai zai buƙaci takardar shaidar kuɗin shiga ta iyayensa, kuma gara a nemi ta tare da sauran.

Abin da za a kiyaye a nan shi ne kwanan wata. Takardar SC da ST sau ɗaya ake karɓa a rayuwa a galibin wurare, don jati ba ta canzawa. NCL kuwa tana tsufa, don arzikin iyaye yana canzawa. Shekarar kuɗi a Indiya daga 1 ga Afrilu take farawa zuwa 31 ga Maris, kuma manyan jarrabawoyin shiga jami'a sukan nemi wadda aka bayar daga 1 ga Afrilun shekarar shiga. Hukumomin ɗaukar aiki kowace tana rubuta tata ranar a cikin sanarwa. Ya karanta sanarwar tun daga farko har shafukan ƙarshe inda ake liƙa samfurin takardar, ya bugo samfurin ya riƙe a hannu lokacin da zai je ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hankali yakan sabunta tasa duk watan Afrilu ko da babu jarrabawar da ke gabansa. In lokaci ya ƙure masa a bana, yana da damar zama jarrabawar a sahun kowa da kowa, amma ya sani yawancin hukumomi ba sa yarda a sauya rukuni bayan an rufe fom.

Abu biyu a taƙaice, ko da wani zai tambaye ka. Aure ba ya sauya jati: matar da ta auri ɗan OBC ko SC ba ta shiga kasonsa, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 1996. Ɗan da iyayensa suka fito daga jati biyu ana fara ɗaukarsa a ta uba, amma a 2012 kotun ta ce yana iya kawo hujjar cewa a hannun uwa da al'ummarta ya tashi kuma ya sha irin wahalarsu.

Sai batun dillalai, waɗanda za ka gani tsaitsaye a ƙofar kowane ofis. Wasu cike fom kawai suke yi, waɗannan ba laifi. Waɗanda nake ja masa kunne a kansu su ne masu cewa kawo kaza gobe ka karɓa. Takardar da ba ta cikin rajistar ofis jabu ce ko da hatimin gaske ne a kanta. Tun 1994, a shari'ar Madhuri Patil, Kotun Ƙoli ta umarci jihohi su kafa kwamitocin tantancewa masu sashen bincike na 'yan sanda, kuma Maharashtra tana neman takarda ta biyu ta tabbatar da ingancin ta farko kafin a zauna a gurbin karatun ƙwararru ko kujerar zaɓe. Aikin tarayya ma na wucin gadi ake ba mutum har sai an aika wa ofishin da ya bayar ya amsa cewa daga gare shi ta fito. A 2017 kotun ta yanke cewa wanda ya shiga da takardar ƙarya zai rasa aikin da digirin ko da ya shekara ashirin a kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma abin takaici a nan shi ne mutumin da ya cancanta da gaskiya ya je ya sayi jabu don gaggawa, ya mai da halalinsa haram.

In fayil ya kwanta, akwai abin yi. Bihar tana da dokar haƙƙin samun hidimar gwamnati ta 2011, Delhi ma tana da irinta, kuma sun sa wa'adi a kan jami'i. Rasit ɗin da ake bayarwa yana ɗauke da lamba da ranar da ya kamata a gama. In ranar ta wuce, ko aka ƙi ba tare da dalili a rubuce ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa jami'in da ke sama, kuma doka ta tanadi tara a kan mai jan ƙafa. Akwai kuma dokar haƙƙin samun bayani ta 2005: ya rubuta yana tambayar a teburin wa fayil ɗinsa yake da ranar da ya isa can, dole a amsa cikin kwana 30. Na sha ganin wannan 'yar wasiƙa ta tayar da fayil ɗin da ya yi wata biyu yana shan ƙura. Kada ya yarda da "je ka dawo" ta baka; duk abin da aka ce babu, ya nemi a rubuta masa.

Wahalar ta cancanci a sha. Bayan kashi 27 ɗin, ɗan OBC yana samun ƙarin shekara 3 a kan iyakar shekarun neman aikin tarayya, kuma a babbar jarrabawar UPSC yana da damar gwadawa sau 9 inda wasu ke da 6. In ya ci da makinsa ba tare da ya jingina da wani rangwame ba, a sahun kowa da kowa ake lissafa shi, gurbin kason ya rage wa wani ɗan'uwansa. Kamfanoni masu zaman kansu dai ba sa cikin wannan tsari.

Kai kuma abin da za ka iya yi masa ba kaɗan ba ne, ko da ba ka jin Hindi sosai. Ku zauna da sanarwar jarrabawar, ku fitar da ranar da ake nema da samfurin takardar. Ku tabbatar aikin na tarayya ne ko na Delhi. Ya kira baffansa ko duk wani dattijon dangin uba da ya rage a ƙauye, a tambaya ko akwai wanda ya taɓa karɓar takardar a gidan, ko akwai khatiyan da sunan kakansu. In ta kama ya yi tafiya, jirgin ƙasa daga Delhi zuwa Patna, babban birnin Bihar, kwana ɗaya ne a hanya, ka riƙe masa darussan da za a yi a bayansa, in da hali ka sa masa hannu a kuɗin tikiti. Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka riƙa tayar da maganar jatinsa a gaban sauran ɗalibai. Ya faɗa maka ne don ya amince da kai, kuma a jami'o'in can har yanzu akwai masu yi wa 'yan kaso gori. In kun duba takardun kuka ga inda ya tsaya, rubuto mini jihar da ta bayar, da ranar da ke jiki, da sunan jarrabawar, sai mu duba tare. Ka gaishe mini da shi, Allah Ya ba shi sa'a.